Ranar da Yara Ke Kawo Sakamako

Da Yuli ya kama, gida sai ya cika: an gama jarrabawa, an ba da dogon hutu, ga damina ta kankama. Maigida na neman masu kai abinci gona, uwa na lissafin wa za ta ɗora wa talla.

A da can ba a san wannan hutu ba. A Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, makarantar allo Alhamis da Juma'a take hutawa, sai lokacin Sallah. Babbar ranar yaro ita ce ta sauka: a zayyana allo, a yi walima. Shirin UPE na 1976 shi ya shigo da takardar sakamako gidaje da yawa. A 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, mazauninta kuwa na Kalgo.

To, ina rabon wadda ke cikin kulle? Ku tuna da Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864. Jajinta su ke jagorantar tsofaffi da 'yan mata zuwa wurinta, su komo wa matan aure da karatu har cikin ɗaki.

Yau 'yarki ce jajinki. In ta kawo takardar nan, kada ki cusa ta ƙarƙashin katifa. Zaunar da ita ta karanta miki, ki tambayi inda ta gaza. In an koma a Satumba, kada farantin talla ya riƙe ta. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka.