Ƙasusuwan Tsakiyar Kunne: Tazarar da Ke Tsakanin Sani da Iya Gyara

A bayan dodon kunne akwai wani ɗan kogo mai iska da ake kira tsakiyar kunne, inda ƙasusuwa uku suke sarƙe da juna, waɗanda masana suka laƙaba wa sunayen guduma, da uwar maƙera, da likkafa, saboda kamanninsu da waɗannan kayan aiki. Likkafa, wadda tsawonta bai wuce kusan milimita 3 ba, ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam. Tarihin binciken waɗannan ƙasusuwa ya nuna cewa sanin surar gaɓa bai isa ya warkar da ita ba, muddin likita bai samu abin da zai gan ta da shi, da kuma abin da zai kare majinyaci daga ƙwayoyin cuta ba.

Aikin ƙasusuwan ya samo asali ne daga wata matsala: sauti yana zuwa ta iska, amma sashen cikin kunne mai siffar katantanwa, wanda yake mayar da shi saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, cike yake da ruwa, kuma mafi yawan sautin da ya bugi ruwa kai tsaye komawa baya yake yi. Da yake ɓangaren dodon kunne mai kaɗawa ya ninka tafin likkafa kusan sau 17 a faɗi, ga kuma ƙarin da haɗin guduma da uwar maƙera ke bayarwa, matsin sauti yakan ƙaru kusan sau 20 kafin ya isa ruwan.

Andreas Vesalius ya siffanta guduma da uwar maƙera a littafinsa na 1543, amma likkafa ta ɓace masa, duk da ƙwarewarsa a feɗe gawa. Giovanni Filippo Ingrassia ake dangana wa gano ta a birnin Naples na Italiya a 1546, ko da yake wasu takwarorinsa sun yi iƙirarin su ne suka riga shi. A 1704 Antonio Valsalva ya bayyana likkafar da ta ƙage a mazauninta a gawar wani kurma. Ke nan tun farkon ƙarni na 18 an san dalilin irin wannan kurumta, amma ba a iya yi mata komai ba. Likitocin da suka gwada taɓa likkafa a ƙarshen ƙarni na 19, irin su Johannes Kessel, sun yi aiki ne ba tare da isasshen gani ba kuma babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, sakamakon bai yi kyau ba, har manyan likitocin kunne na lokacin suka yi tir da aikin.

Ilimin surar ƙashin bai canza sosai ba bayan haka. Kayan aiki ne suka canza. Carl-Olof Nylén ya shigo da madubin ƙara girma cikin tiyatar kunne a Suwidin a 1921, magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka wadata bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sannan a 1956 John Shea, a birnin Memphis na Amurka, ya cire likkafar da ta ƙage ya maye gurbinta da ta roba, majinyaciyar ta dawo tana ji.

Sai dai ƙagewar likkafa ta fi yawa a tsakanin Turawa, ba ta cika kama baƙar fata ba. Abin da ya fi lalata waɗannan ƙasusuwa a ƙasar Hausa shi ne ciwon kunne mai fitar da mugunya da aka bari ya daɗe, musamman ga yara, domin yakan huda dodon kunne ya cinye siririyar ƙafar uwar maƙera, ya yanke sarƙar. Gyaran wannan ɓarna na buƙatar madubin tiyata da ƙwararren likita, abin da sai a asibitocin koyarwa da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna aka fi samu, alhali maganin ciwon tun yana sabo bai fi ƙarfin ƙaramin asibiti ba. Saboda haka ya kamata hukumomin lafiya su fara da wadata asibitocin karkara da fitilar duba kunne da ma'aikatan da suka iya amfani da ita, iyaye kuma su daina ɗaukar ruwan kunnen yaro a matsayin abin da zai wuce da kansa.