Wata bakwai a ƙarƙashin Tudu na 60

Kowace shekara in muka zo kan Yaƙin Duniya na Farko da ƴan ajin 3e, yara kan hardace 1914 da Verdun da 1918 saboda BEPC, su wuce. Bana wani yaro, ɗan maginin rijiya, ya ɗaga hannu: "Mushe, su wa suka gina musu ramukan nan?" Shi ya sa na kawo musu labarin Oliver Woodward.

Woodward injiniyan haƙar ma'adinai ne, ɗan Ostiraliya, an haife shi a 1885. A watan Nuwamba na 1916 aka kai rundunarsa wani wuri kusa da garin Ypres a Beljik, ana ce masa Tudu na 60. Tudun ma tarin ƙasa ne da aka zubar lokacin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, amma Jamusawan da ke bisansa suna hango komai.

Kafin zuwansu, sojojin Ingila da na Kanada sun riga sun gina rami mai zurfin kusan mita 30, sun jibge nakiya wajen tan 24 a ƙarƙashin tudun, da tan 32 a ƙarƙashin wani na kusa da shi. Aikin da su Woodward suka gada shi ne tsaro. Ruwa na tsatstsafowa dare da rana, sai an yi ta kwalfe shi kada nakiyar ta jiƙe. A duba wayoyi. A ajiye ɓeraye da ƙananan tsuntsaye a keji, in sun faɗi a san iska ta ɓaci. Ga Jamusawa su ma suna gina nasu ramin suna neman wannan. Mutum ya kan kwanta cikin duhu, na'urar saurare manne da laka, yana ƙidaya saran magirbin abokin gaba. Muddin ana jin sara, da sauran kwana. In an ji shiru, to sun gama, saura su tayar da tasu nakiyar.

Nan yaron ya ce babansa ma ba ya tsoron zurfi, iskar ƙasan rijiya yake tsoro. Ajin ya yi tsit.

Haka suka yi wata bakwai. Ran 7 ga Yuni 1917, ƙarfe 3 da minti 10 na dare, nakiyoyi 19 suka tashi a fagen Messines, kuma Woodward ne ya tayar da biyun nan da hannunsa. Ɗaruruwan samarin Jamus suka mutu a tudun nan take. Na faɗa wa yaran wannan ma, don ba na son su fita aji da lambobin yabonsa kaɗai.

Ya koma gida ya ci gaba da aikin ma'adinai, ya rasu a 1966. Cikin nakiyoyin Messines da ba a tayar ba, ɗaya ta fashe a 1955, da tsawa ta faɗa kusa da ita.