Kaset ɗin Bidiyo a Hanyar Ɗan Barto

Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, kaset ɗin VHS, wanda kamfanin JVC ya ƙago a 1976 har ya rinjayi abokin hamayyarsa Betamax, ya shiga hajar fataken da ke ƙetare iyaka a Ɗan Barto zuwa Matameye da Damagaram a Nijar. Sai dai an sami mushkila, domin a lokacin Nijeriya tana bin tsarin talabijin na PAL, Nijar kuwa ta gaji SECAM daga Faransa, saboda haka talabijin ɗin da bai karɓi PAL ba yakan nuna hoto baƙi da fari, alhali an ɗauke shi da launi. Daga bisani faifan VCD mai araha ya ture kaset, kafin katin memori na waya ya ture faifan.