Abincin mai juna biyu a farkon zango na uku

Zango na uku na juna biyu yana farawa ne daga mako na 28, wato wajen wata na bakwai. A lokacin nauyin ɗan tayi bai wuce kusan kilo ɗaya ba, kuma kafin haihuwa yakan ninka sau uku. Saboda haka buƙatar uwa ta abinci mai gina jiki tana ƙaruwa, da ƙarin kimanin kalori 450 a rana.

Sinadarin ƙarfe

Jariri yana tara mafi yawan sinadarin ƙarfensa a wannan zango, don haka ƙarancin jini kan kama uwa idan ba ta samun isasshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar shan miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe da maikurogiram 400 na folik asid kullum. Ana samun ƙarfe a nama, kifi, wake, zogale da alayyafo. Lemo da tumatir suna taimaka wa jiki ya tsotse shi, shayi kuwa yana rage hakan idan an sha tare da abinci.

Kalsiyam da aidin

Kalsiyam yana gina ƙashin jariri, ana samunsa a nono da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu. Inda abinci ke da ƙarancinsa, ana ba da ƙwayarsa don rage haɗarin hawan jini mai kai wa ga jijjiga. Gishiri mai aidin yana taimaka wa ci gaban ƙwaƙwalwar jariri.

Ƙwannafi

Mahaifa kan danne ciki ta jawo ƙwannafi. Cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa yana sauƙaƙa shi.