Tubalin da ake renonsa: daga New York zuwa Namibiya

Yau za mu waiwayi tarihin wani tubali da ba ya buƙatar siminti, renonsa ake yi har ya haɗu.

Laimar kwaɗin da muke gani da damina ɗan ɓangare ne kawai na halittar. Ainihin jikinta wasu fararen zarurruka ne da ke yaɗuwa a ɓoye cikin ƙasa ko ruɓaɓɓen itace. Idan aka cakuɗa su da daddatsen kara ko garin katako a cikin mazubi, cikin 'yan kwanaki sai su ratsa ko'ina su ɗaure shi tamau. Daga nan a gasa da ɗan zafi don girman ya tsaya.

A 2007 wasu matasa biyu a Amurka, Eben Bayer da Gavin McIntyre, suka kafa kamfanin Ecovative a kan wannan dabara, sai dai kasuwarsu ta fi karkata ga abin kare kaya a cikin kwali, madadin farin soson roba. Maganar gini ta yi ƙarfi ne a 2014, lokacin da mai zanen gine-gine David Benjamin ya tayar da hasumiyar Hy-Fi a farfajiyar gidan baje fasaha na MoMA PS1 a New York. Tubali kusan 10,000 aka jera, na karan masara, irin wanda muke cinna wa wuta a gona. Bayan 'yan watanni aka rushe ta aka mayar da tubalin taki.

Ta burge jama'a, amma a ganinmu ado ce. Tubalin ba shi da nauyi, ba ya ɗaukar kaya kamar kankare, ga shan ruwa. Shi ya sa ya daɗe bai wuce wuraren baje koli ba.

Inda lamarin ya zama na gaske shi ne Namibiya, ƙasar da ƙayayuwa ke cinye makiyaya, ga ƙarancin gidaje. Shirin MycoHab yana niƙa itacen ƙayar, a noma naman kaza na ci a kansa a sayar, ragowar kuma a danne ta da inji a gasa. Dannewar ce ta ba tubalin ƙarfin da na New York ya rasa. A 2024 suka buɗe gidan farko kusa da Windhoek. Amma shi ma sai an kare bangonsa daga ruwa, kamar yadda muke yi wa ginin ƙasa yaɓe kafin damina.