Magungunan Itatuwa da Ƙwayoyin Cuta Masu Bijire wa Magani a Arewacin Kamaru

Tun kafin asibiti ya iso Yagwa, hedikwatar Mayo-Danay da ke gaɓar kogin Logone daura da Bongor ta Chadi, mutanen yankin da itatuwa suke magance gyambo da gudawa da ciwon baki. Sabara da marke da maɗaci duk suna cikin kayan masu magani, amma bagaruwa ta fi su fitowa fili, domin aikinta ido na gani. Majema a Marwa kan daka busassun 'ya'yanta, su jiƙa garin a ruwa, su tsoma fata a ciki, fatar da za ta yi ɗoyi cikin kwana biyu sai ta shekara ba ta ruɓe ba. Sinadarin tanin da ke cikin ɓawon ne ke kama naman fatar ya ɗaure shi, ya hana ƙwayoyin cuta sakewa. Irin wannan garin ake barbaɗa wa miki. Likitan Turawan mulki J. M. Dalziel ya tattara sunayen itatuwan Hausa a 1916, sannan ya rubuta amfaninsu a babban littafinsa na 1937.

Zuwan penisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, ya sa likitoci suka juya wa saiwa da sassaƙe baya. Shi kansa Fleming ya yi gargaɗi a 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai sa ƙwayoyin cuta su saba da shi. Haka kuwa aka yi. A kasuwannin ƙauye ana sayar da kafso ɗaiɗai, mutum ya sha biyu ya ji sauƙi ya bari. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 saboda ƙwayoyin da magani ya daina ci, kuma yammacin Afirka ya fi ko'ina jin jiki.

Wannan bijirewa ce ta maido da masana kan itatuwa. A shekarar 2000 Frank Stermitz da Kim Lewis da abokan aikinsu a Amurka suka nuna cewa wani tsiro mai suna Berberis na haɗa sinadari biyu: ɗaya mai kisa, ɗaya mai toshe famfon da ƙwayar cuta ke amayar da magani ta cikinsa. A Kamaru, Victor Kuete na Jami'ar Dschang da ɗalibansa sun bi wannan sawu, suna gwada itatuwan ƙasar da kayan yaji a kan ƙwayoyi masu bijire wa magunguna da dama, wani sa'in su kaɗai, wani sa'in haɗe da maganin asibiti. A 2010 ya buga bitar abin da aka samu.

Sai dai mafi yawan wannan aiki a faranti ya tsaya, a ɗakin gwaji. Tanin da ke kashe ƙwayar cuta a kan miki ba ya ratsa hanji ya shiga jini yadda ake buƙata, kuma ƙarfin sassaƙe yakan bambanta daga itace zuwa itace, daga rani zuwa damina. Magungunan kashe bakteriya da asibitocin Yagwa da Garwa ke bayarwa a yau, daga funfuna da ƙwayoyin cikin ƙasa aka samo yawancinsu, ko kuma aka haɗa su a masana'anta. Bagaruwa tana nan da amfaninta a kan fata, amma mai zazzaɓin taifod ko ciwon huhu asibiti ya kamata ya nufa, ya kuma shanye maganin da aka rubuta masa.