Ciwon sukari da cimar Sallah: abin da mai rage tuwo da shinkafa ya kamata ya sani

Jama'a masu saurarenmu na ƙauyuka da ƴan uwa mazauna ƙasashen waje, duk lokacin da Sallah ta matso tambaya guda ce ke yawan dawowa: wanda ke da ciwon sukari, ya yi watanni yana rage tuwo da shinkafa da hura, sukarinsa ya sauka, tumbinsa ya ragu, me zai ci ranar biki? Ya zauna yana kallon mutane, ko ya saki jiki ya ce Sallah biki ɗaya rana?

Amsar a taƙaice ita ce: zai ci Sallarsa tare da kowa. Naman rago ba shi ne ke tada sukari ba. Abin da ke tada shi su ne abin sha mai zaƙi da hatsin da ke rakiyar naman. Abin da ke maido ƙiba kuma shi ne makonnin da ke bin bayan Sallah, lokacin da tukunyar soye ke nan a ɗaki. Ga bayanin dalla-dalla, a ajiye shi, a karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Mene ne rage sitaci?

Sitaci shi ne abin da ke cikin gero, dawa, masara, shinkafa, alkama, rogo, doya da dankali, wanda in ya shiga ciki yake narkewa ya zama sukari a jini. Ko abincin bai da zaƙi a baki, a jini sukari yake komawa. Shi ya sa tuwo da burodi da makaroni ke tada awo kamar yadda alewa ke yi.

Masana abinci na kiran cima “mai ƙarancin sitaci” in sitaci da sukarin da mutum ya ci a wuni bai kai giram 130 ba. Don mu ga ma'anar wannan: dafaffiyar shinkafa giram 100 na ɗauke da kamar giram 28. Faranti mai giram 300, wanda ba wani babba ba ne a gidan biki, ya kai kusan giram 85. Gwangwanin lemo na santilita 33 kuma na ɗauke da kamar giram 35 na sukari, wato wajen ƙwaya 6 zuwa 7 na sukarin shayi. Ke nan faranti guda da gwangwani guda sun kusa cinye rabon wuni ɗungurungum, alhali ko gidan farko ba a baro ba.

Lambobin da za a riƙe

A likitocinmu na Nijar da giram bisa lita ake faɗin awon sukari. Ga mafi yawan manya masu ciwon, abin da ake nema shi ne 0,80 zuwa 1,30 da safe kafin a ci komai, da kuma ƙasa da 1,80 awa 2 bayan cin abinci. In ya yi ƙasa da 0,70, sukari ya faɗi, kuma wannan gaggawa ce. Tsofaffi da masu wasu cututtuka, likita na iya ba su nasu lambobin daban.

A lura da na'urar awo da ƴan uwa ke aikowa. Wadda ta fito daga Amurka za ta nuna 126 a inda mu muke cewa 1,26. Wadda ta fito daga Ingila kuma 7 za ta nuna. Duk abu guda ne, ƙidayar ce ta bambanta. A kai wa majo ya duba ta kafin a fara aiki da ita.

Abin sha: nan ne tarkon

Sukarin da aka sha ya fi wanda aka tauna saurin shiga jini, kuma ba ya ƙosarwa. Lemon kwalba da na gwangwani, maltina da ire-irenta, garin lemo na leda, zoɓo da lemon tsamiya da na citta da aka zuba wa sukari, duk layi guda suke. Madarar gwangwani mai kauri da zaƙi, fiye da rabinta sukari ne. Zuma ma sukari ce; kasancewarta daga daji bai hana ta tada awo ba.

Sai shayin fada. Kofin ƙarami ne, amma zagaye uku ake yi, kuma ranar Sallah mutum na iya zama fada biyu ko uku. A roƙi mai dafawa ya zuba wa mai ciwon nasa kafin ya saka sukari a buta. Haka uwar gida: in za ta haɗa zoɓo, ta ɗebi bido ɗaya gefe tun ba ta zuba sukari ba, ta ji shi da citta da kanumfari da na'ana'a. Da sanyinsa yana da daɗi, kuma ba ya cin ko dala a kan kuɗin cefane.

Hura kuwa abincinmu ce, ba mu ce a rabu da ita ba. Sai dai gero ne da aka daka ya yi laushi, ana shan shi da sauri, ana kuma sha da yawa ba a sani ba. A yawaita nono, a rage curin hurar, kada a sa sukari, a zuba rabonsa a ƙaramin kwano maimakon a zauna gaban ƙwarya ana kai ludayi.

Yadda za a cika faranti

A raba faranti gida huɗu a ido. Gida biyu na ganye da kayan lambu: kwaɗon zogale, rama, yakuwa, alayyahu, kabeji, salati, tumatur, kokumba, miyar kuɓewa ko ta kuka. Gida ɗaya na nama, kifi, kaza ko ƙwai. Gida ɗaya da ya rage shi ne na tuwo, shinkafa, dambu ko waina, kuma kada ya wuce girman dunƙulen hannun mai ci. Wake ma yana da sitaci, amma ya fi farar shinkafa jinkirin tada sukari. In shinkafa da wake aka dafa, waken ya fi yawa.

A fara da ganye da nama, a bar hatsin ya zo ƙarshe. Wannan jerin kaɗai na rage tashin sukari bayan cin abinci, kuma kafin a kai ga tuwon ciki ya riga ya ɗauka.

A gidajenmu a tire guda ake ci, ba kowa da farantinsa ba. To, mai ciwon ya shata iyakarsa a gabansa tun loma ta farko, ko kuma ya nemi ƙaramin kwano ya ɗebi nasa. Ba rowa ba ce, ba raini ba ne.

Cincin, fanke, alkaki, nakiya da biskit: gari ne da sukari ko zuma, yawancinsu an soya da mai. Wanda ransa ya biya ya zaɓi abu ɗaya, ɗan kaɗan, ya ci bayan abinci, ba da yunwa ba. Ya bar sauran wa yara.

Ƙaramar Sallah

Bayan kwana 29 ko 30 na azumi, lokutan shan magani sun sauya. Tun kafin a ga wata a tambayi likita ko majo yadda za a koma tsarin da, domin wasu kan ci gaba da shan maganin kamar suna azumi alhali sun koma cin rana. Dabinon da ake ci kafin fita Idi kuwa, a sani busasshen dabino wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Ƙwaya ɗaya ta wadatar, in ƙanana ne a tsaya a uku.

Babbar Sallah

Mutane da yawa ba sa cin komai ranar layya sai sun dawo daga Idi an yanka, an soya hanta. Ga wanda ke allurar insulin, ko yake shan glibenclamide ko gliclazide, shan magani da safe sannan a zauna da yunwa har hantsi ko azahar hatsari ne babba, domin waɗannan magungunan na saukar da sukari ko an ci ko ba a ci ba. Metformine ita kaɗai ba kasafai take faɗar da sukari haka ba. A san sunan maganin da ake sha, a kuma shirya da likita tun kafin ranar.

Gasasshen naman da muke jerawa a kan itace kewaye da wuta ba shi da sitaci. Mai ciwon sukari zai ci, ya cire kitsen da ke bayyane, ya haɗa da albasa da tumatur da ganye maimakon burodi. Amma mutum uku su yi hattara. Mai ciwon ƙoda, nama mai yawa na ƙara wa ƙodarsa aiki. Mai ciwon gaɓoɓin da ke kumbura babban yatsan ƙafa, hanta da ƙoda da sauran kayan ciki na tada masa shi. Mai hawan jini kuma, wanda sau da yawa tare yake tafiya da ciwon sukari, ya kula da gishiri da dunƙulen magi da ke cikin yaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a wuni, wato kamar ƙaramin cokali guda. Kilishi ma a tambaya, don wasu masu yin sa na sa sukari a cikin haɗin.

Maganar ƙiba

Wanda ya daɗe yana rage sitaci, in ya ci shinkafa da tuwo kwana biyu ya hau ma'auni, zai iya ganin kilo ɗaya ko biyu sun ƙaru. Kada hankalinsa ya tashi. Jiki na ajiye sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram da ya ajiye yana riƙe ruwa kamar giram 3. Gishirin biki ma na riƙe ruwa. In an koma tsari, cikin ƴan kwanaki yawancinsa zai zube.

Kitse na gaske lissafinsa daban. Kilo ɗaya na kitsen jiki daidai yake da kalori wajen 7.700, ba a tara wannan a wuni guda. Amma babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120. Wanda kullum yake ɗiba daga tukunyar soye, da man da naman ke kwance a ciki, har ya ƙara kalori 300 a kan cimarsa, cikin wata guda ya wuce kilo. Mai rage sitaci kan ɗauka nama da mai ba su da iyaka tunda ba sa tada awo; ga ƙiba kam suna da iyaka. A tsane soyen daga mai, a yanka shi cikin miyar ganye, ya zama mahaɗi.

Inda ba ma'auni, igiya ta isa. A auna tsawon mutum da ita, a ninka biyu, a zagaya ciki daidai cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, tumbi ya wuce rabin tsawo, akwai aiki. Ga mai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa na gyara awon sukari sosai. Mai kilo 80, kilo 4 zuwa 8 ke nan. Hasarar wannan wahalar ce ba mu so saboda makonni uku na sakaci.

Tafiyar ƙafa ta minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci na taimaka wa jiki ya ƙone sukarin. Gaisuwar Sallah ma tafiya ce: in gidan ba nisa, a ajiye babur. A sa takalmin da aka saba da shi, domin sabon takalmi na iya yi wa mai ciwon sukari gyambo bai ji ba.

In sukari ya faɗi ko ya hau

Alamun faɗuwa: rawar jiki, zufa mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri, maganar da ba kai. Nan take a ba shi ƙwayar sukari 3, ko rabin kofin lemo mai zaƙi, ko babban cokalin zuma. A jira minti 15, in bai dawo daidai ba a maimaita, sannan ya ci abinci. A nan sukari magani ne, shi ya sa mai allura ko mai shan waɗancan ƙwayoyi zai fita Idi da shi a aljihu. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe a garzaya likita.

Alamun hawa: ƙishirwa marar yankewa, yawan fitsari, kasala, gani dishi-dishi. In awo ya kai 3 giram bai sauka ba, ko aka ga amai, ciwon ciki, numfashi da sauri ko gigita, ba a jira Sallah ta wuce.

Kada kowa ya ninka maganinsa don ya ci da yawa, kada kuma ya ƙi cin safe don ya tara wa rana. Mai juna biyu, yaro, da mai allurar insulin ba sa yanke sitaci sosai sai da sanin likita. Haka mai shan dapagliflozine ko empagliflozine, don haɗa su da yanke sitaci na iya jawo rikici a jini ko da awo bai hau sosai ba.

Kunyar ƙin abinci

Mun san abin da ya fi wuya: Inna ta kawo kwano, suruka ta aiko tire, ƙi ya zama kamar raini. A karɓa da hannu biyu, a ɗanɗana nama, a ce: “Inna, Allah ya saka da alheri, likita ya yi mini iyaka, zan tafi da shi gida.” Ba uwar da za ta yi fushi da wannan. Masu gida kuma, in baƙo ya ce yana da sukari, a daina “haba, yau ɗaya dai”. Gida biyar in kowa ya ce yau ɗaya, shi ne zai kwana likita.

Ƴan uwa na Abijan, Legas, Akara, Aljeriya da Turai masu aiko kuɗin Sallah: in Baba ko Inna na da ciwon nan, a ware wani abu na magani da tsinken awo tun kafin a yi maganar katan ɗin lemo. A kira a tambayi nawa awo ya nuna da safe, a sake kira bayan mako biyu a ji ko an koma tsari.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya maimaita mana. Barkanmu da Sallah.